Abarbar Aro

A shekarar da ciwon shanu ya ratsa dajin Kamuku, babu rugar da ta tsira, amma kowa ya yarda ta Yero ce ta fi shan wuya. Damina ta faɗi yana da garken da sai ya hau tudu yake ganin ƙarshensa. Kafin a yanke gero ko ɗan maraƙi bai rage masa ba. Saniya za ta kwana garau, da safe a ga hawaye da yawu na zuba, kafin a jiƙa magani a ɗura mata ta miƙe ƙafafu. Ungulaye suka ƙoshi har suka daina tashi in mutum ya nufo su.

Yero ya tattara matarsa Kadijatu da 'yan komatsansu suka shigo Birnin Gwari. Suka sauka a gidan wani falke mai suna Abarshi, wanda matarsa Asama'u ta daɗe tana sayen man shanu a hannun Kadijatu. Aka ba su ɗaki guda a ƙuryar gida. Yero ya ari fartanya ya shiga bin gonakin mutane, yana riƙe ta kamar sandar kiwo, manoma na ƙunshe dariya. Kadijatu kuwa ta shimfiɗa tabarma ta juya wa ƙofa baya.

Ba kuka take yi ba, kunyar Fulani ba ta bari a yi wannan a gidan mutane. Abin da ke cin ta daban ne. Ita ke tatsa, ita ke ɗaure maruƙa, ita ke ɗura magani, don haka kusan kowace saniya a ƙarƙashin hannunta ta cika. Sai ta sa wa ranta cewa hannun nan nata ne ba shi da albarka, duk mai ran da ta taɓa ba zai kai labari ba. In aka miƙo mata jariri sai ta cusa hannuwa cikin zane. Ko tsaba ba ta yarda ta watsa wa kajin gidan.

Ita kuwa Asama'u mace ce mai jiki, mai murya, wadda ba ta iya ganin mutum a zaune ta ƙyale shi. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi tsiya irin ta Bahaushiya da Bafillatana, ta dama fura ta kai har bakin tabarma. Kadijatu ta ce an gode, ta kurɓa sau ɗaya don kada a ce ta raina, ta koma ta kwanta.

To, a ɗakin Asama'u, daga ciki dab da ƙofa inda hantsi ke faɗowa, akwai wata shuka a cikin fasasshiyar randa. Abarshi ne ya taho da irinta daga ƙasar Nufe, wai sunanta abarba. Ganyenta dogaye ne masu kauri, gefensu duk ƙaya kamar bakin lauje, sun fito daga wuri ɗaya sun baje. Duk unguwar babu mai irinta. Ba a barin ta a tsakar gida, na farko saboda awaki, na biyu saboda bakin mutane, wanda a wurin Asama'u ya fi na awaki ɓarna.

Da kaka ta zagayo, Abarshi ya shirya ayarin zuwa Nufe, kuma wannan karon da iyalinsa zai tafi don zai jima. Ana ɗaure wa jakuna kaya sai ga Asama'u ta kinkimo randar nan tana nishi, ta dire ta a bakin ƙofar Kadijatu daga ciki.

Ta ce, "Bafillatana, tashi ki ga baƙuwarki."

Kadijatu ta juyo ta duba, ta girgiza kai. "Uwar ɗakina, ki kai wa wani. Kin san hannuna."

"Na san shi mana, shekara nawa ina cin man da ya kaɗa? Kuma ba kyauta na kawo miki ba, balle ki ɗaga mini hanci. Aro ne irin naku. Ba ku ne ke ba ɗan'uwa karsana ya yi kiwo ba, ya sha nono, ya riƙe 'ya'ya, ya mayar da uwa?"

"Mu ne."

"To ga karsanata nan."

Nan fa Asama'u ta kama ta a inda ba ta da wurin zillewa. Bafillace na iya ƙin kyauta, yana iya ƙin abinci yunwa na murɗa masa ciki, amma saniyar aro ba a kora ta daga bakin ruga. Wanda ya ƙi karɓa ya ci mutuncin mai ita. Wanda ya karɓa kuwa sai ya fi kula da ita fiye da tasa, domin ranar mayarwa kowa zai fito ya ga yadda ya riƙe amana. Kadijatu ta tashi zaune.

Asama'u ta tsuguna tana nuna mata. "Ba a malala mata ruwa a gindi kamar barkono, saiwar ruɓewa take yi. Ki ɗan jiƙa ƙasar kawai. Shanta a nan yake, a tsakiya, inda ganyen suka haɗu suka yi ƙoƙo. In ruwan ya kwana biyu ya fara wari ki karkata ki zubar, ki sa sabo. Ganyen da ya bushe ki yanke da aska, kada ki fizge. Tana son rana, amma in akuya ta taɓa mini ita, ni da ke ne."

Daga waje Abarshi ya ƙwala kira cewa rana na yi, Asama'u ta fita tana gyara ɗaurin ƙirji, ayari ya tashi.

Ranar farko Kadijatu daga nesa ta tsiyaya ruwan da ludayi, don kada yatsanta ya taɓa ganye. Washegari ta duba, shuka ba ta mutu ba. Jibi ma haka. Da ta ga ruwan rijiyar gidan na barin farin dabbare a ganyen, sai ta ɗauki tulu ta nufi rafi, ita da ta yi watanni ba ta taka ƙofar gida ba. A hanya dole a gaishe ta, dole ta amsa. Da haka da haka har matan unguwa suka san muryarta.

Ta koyi jawo randar bin hasken rana, da safe nan, da hantsi can. Ta koyi yanka busasshen bakin ganye a karkace yadda ba zai yi muni ba. Ƙaya ta yi mata zane-zane a wuyan hannu, ba ta damu ba, wadda ta saba da harbin saniya ina ruwanta da ƙaya. Tana aikin tana yi mata magana da Fillanci ƙasa-ƙasa, irin muryar da take lallashin saniya mai sabuwar haihuwa da ita don ta sakar mata nono.

Yero in ya dawo daga gona sai ya tsaya ya kama ƙugu ya ce, "Wannan saniyar taki ba kuka, ba kashi, ba nono. Lallai Hausawa sun iya ba da aro."

Ta ce, "Kai dai matsa, ka tare mata rana."

Shi kuwa sai ya matsa yana murmushi, don ya jima bai ji ta mayar masa da magana ba.

Wata safiya ta leƙa ƙoƙon tsakiya za ta sake ruwa, sai ta ga wani abu ja wur a ciki. Ludayin ya suɓuce mata. Ta ce shi ke nan, jini ne, ciwon ya biyo ta har cikin gari. Ta wuni ba ta ci komai ba. Amma jan abin nan maimakon ya ruɓe sai ya yi ta tasowa a kan kara, ya fitar da ƙananan furanni, furannin suka bushe, ya zama ɗa mai ido-ido da tukku a ka. Ashe ciki ne da karsanar Asama'u. Kadijatu ta yi hamdala, ta ji wani sanyi a ƙirjinta wanda ta manta da irinsa.

Ɗan ya yi ta girma, ya ɗauki lokacinsa, har damina ta yi nisa. Da ya nuna ya yi ruwan ɗorawa, ƙamshi ya cika ɗakin ya fita tsakar gida, tururuwa suka yi layi. Sai wata sabuwar matsala ta taso, wadda babu mai iya shiga irinta sai makiyayi: shin wannan nono ne ko maraƙi? In maraƙi ne ba a yanka shi ɗanye shakaf. In nono ne, halak ɗin mai kiwo ne. Suka zauna ita da Yero suka tattauna da gaske, kamar masu rabon gado.

Yero ya yanke hukunci ya ce, "Duk abin da in an ajiye shi zai lalace, nono ne. A sha."

Ta sa wuƙa ta yanke shi daga kara, ta feraye, ta yayyanka ƙanana ta aika gida-gida kamar naman suna. Unguwa ta ɗauka da zance. Yero ya cinye nasa ya bi da ɓawon da aka feraye, ya wuni yana susar harshe, Kadijatu ta yi dariya har da riƙe ciki. Tukkun kuwa akuyar maƙwabta ta riga kowa.

Daɗin bai jima ba. Bayan an yanke ɗan, ganyen waje suka fara yin rawaya. Ta yanke su da aska kamar yadda aka koya mata. Na bayansu suka bi. Ta yanke. Uwar da a da ta cika bakin randa sai ga ta tana ƙanƙancewa, sabon ganye ko ɗaya ya ƙi fitowa daga tsakiya. Kadijatu ta fara zargin kanta: ko dai ta matsa wa tatsa ne? Ko ba a yanka ɗan da ƙarfe?

Ana cikin haka ta lura da wasu 'yan tsirrai suna leƙowa daga gindin uwar, ta tsakanin ganye, guda huɗu, kore shar. Da fari ta yi murna, ga maruƙa sun zo, kuma bisa al'ada nata ne. Amma kullum su suna ƙiba, uwar na ramewa. Wannan kuwa ba sai an gaya mata ba, ta sha ganinsa da rani, lokacin da maraƙi ke tsotse ramammiyar saniya har ta kasa tashi. Ta yi ta jinkiri tana fatan abin zai juya, har 'ya'yan suka kai tsawon tafin hannu suka wuce.

Ta ce wa Yero, "Nawa ne ke cinye na mutane. Yaye su zan yi."

Ya ce, "Ke, ki bari mana. Tunda muka baro daji ba mu mallaki komai ba sai waɗannan."

"In uwar ɗakina ta dawo, me zan nuna mata? In ce ga nawa sun yi ɓulɓul, taki kuwa Allah ya jiƙanta?"

Yero ya ƙyale ta, don ya san in shi ne haka zai yi. Ta wasa aska, ta buɗa ƙasar gindin a hankali da yatsa, ta yanke su ɗaya bayan ɗaya dab da jikin uwar, wasu har da 'yar saiwarsu. Tana yi zuciyarta na ƙuna. Ta kwaso su za ta kai juji, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa. Makiyayi yana yaye maraƙi, amma ba ya jefar da shi a daji. Ta bi maƙwabta ta roƙo fasassun tukwane, ta ɗebo baƙar ƙasa ta gindin itatuwa a bakin kurmi, ta dasa su ta jera a jikin bango kamar maruƙa a dangwali, igiyar da ake ɗaure su. Ba ta sa ran za su yi ba. Tana ba su ruwa ne a gurguje, ba ta ko son kallonsu, don gani take su ne suka jawo mata.

Uwar dai ba ta farfaɗo ba. Kadijatu ta jiƙa ɓawon maɗaci ta zuba mata. Ta jiƙa kanwa, tunda babu saniyar da kanwa ba ta gyarawa, abin ya ƙara lalacewa. Ta tura Yero wurin malamin unguwa ya karɓo rubutu, ta tsiyaya shi a ƙoƙon tsakiya da bisimilla. Malam da ya ji wa aka yi wa rubutun sai da ya yi mamaki, amma bai hana ba. Duk a banza. Kafin rani ya ƙare uwar ta zama busasshen dunƙule, in ka taɓa sai ƙaras-ƙaras.

Tsohon tsoron nan ya dawo mata sabo fil, har ya fi na da, don wannan karon ba dukiyarta ce ta salwanta ba, amanar wadda ta rufa musu asiri ce. Ta gaya wa Yero cewa ranar da ayari ya dawo, za ta fuskanci matar nan ta faɗi abin da ya faru, daga nan su kama hanyar Kakangi wurin danginta. Ba za ta iya ci gaba da cin tuwon gidan da ta ci amanarsa ba. Yero ya yi magiya, ya ce ya fara iya noma, ya ce ga ɗaki ga mutunci, ina za su? Ta ce ta gama magana. Ta ɗaure ƙullin kayanta ta ajiye a bayan ƙofa.

Ayarin Abarshi bai dawo ba sai da aka yi ruwan shuka. Gida ya kaure da guɗa da kukan jakuna. Asama'u ta rame, ta yi baƙi, amma muryar tana nan yadda take. Ko ƙafa ba ta wanke ba ta nufo ƙuryar gida tana cewa, "Ina Bafillatanata? Ina karsanata?"

Ta tarar da Kadijatu a durƙushe kusa da randa, kai a sunkuye. Bayan gaisuwa Kadijatu ta yi magana, muryarta a daidaice kamar wadda ta jima tana shirya kalmomin.

"Uwar ɗakina, abin da kika ba ni aro ya mutu a hannuna. Na ba ta ruwa inda kika ce, na yanke inda kika ce, akuya ba ta taɓa ta ba. Ta haihu, na yanke ɗan, daga nan ta fara. Na yaye 'ya'yanta don ta huta, ba ta huta ba. Ga su can, ba ni da hakki a kansu tunda ban mayar da uwa ba. Ki yafe mini. Yau za mu tafi."

Asama'u ta dubi busasshiyar uwar, ba ta ko jima a kanta ba. Ta juya ga bango. Ga tukwane huɗu, kowace da abarba ta baje ganye, ruwa na ƙyalli a ƙoƙonta. Ta dafe ƙirji.

"Huɗu? La ilaha illallahu! Ke, duk ke kika yi wannan? Ni da na yi ta fama, ƙwaya ɗaya tak na tsira da ita!"

Kadijatu ta ɗago kai, ba ta gane ba.

Asama'u ta zube a tabarma ta ce, "Ita wannan da kike wa makoki, ai ba ita maigida ya kawo daga Nufe ba, 'yarta ce. Uwar haka ta yi mini. Sau ɗaya suke haihuwa a duniya, daga nan su ba 'ya'ya wuri su bushe. Ko Nufawa masu ita ba su da maganin wannan. Ni ban san a raba su da wuri ba, na bar su a cunkushe suka ruɓe, sai guda."

Kadijatu ta ji wani abu ya taso mata, ba murna ba, fushi.

"Kin sani?"

"Na sani."

"Kin san ba za ta dawo miki ba, kika ce aro? Kin san irin kwanan da na yi?"

Asama'u ta sauke murya, abin da ba a saba ji ba. "Wallahi na zaci zan dawo kafin ta haihu, in gaya miki da bakina. Hanya ce ta ƙi, aka ce ba lafiya, muka yi ta zama. Wannan kam ki yafe mini. Amma ki gaya mini tsakaninki da Allah, da na ce miki ga kyauta, za ki karɓa? Da na ce miki ga abin da zai mutu ko kin yi me, za ki tashi daga tabarmar nan?"

Kadijatu ta san amsar.

Asama'u ta kamo hannunta, wanda ƙaya ta zazzane, ta riƙe gam ta ƙi saki. "Dube ni nan. Kin yi mata duk abin da ake yi, har da wanda ba a yi, ta kuma mutu, don lokacinta ne ya yi. Ba hannunki ba ne. Shanun ma, Kadijatu, ba hannunki ba ne."

Tun ranar da saniya ta farko ta faɗi, babu wanda ya gaya mata wannan magana, don babu wanda ya san tana bukatar ji. Kunyar da ta riƙe ta shekara da shekaru ta sake ta. Ta kifa kai a cinyar Asama'u ta yi kuka mai sauti, tana kiran shanunta da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, Asama'u na bubbuga bayanta tana share nata hawayen da gefen zane. Matan gida suka leƙo, suka koma da sanɗa.

Da kukan ya lafa sai ta ji zuciyarta wasai, godiya ta cika ta har ta rasa ta inda za ta fara. Ta gode wa Allah da ya haɗa ta da wannan mata mai surutu da wayo, wadda ta ruɗe ta don ta cece ta. Ta ɗago ta ce, "Adda, Allah ya saka miki da alheri. Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira, yadda kika rufa mini."

Asama'u ta ce, "Amin. Yau kuma na zama Adda? To madalla, ƙanwata. Sai ki tashi ki dama mini fura, tun daga Nufe nake marmarin ta hannunki."

Sai ga Yero a bakin ƙofa, ƙullin kaya a ka, sanda a kafaɗa, fuska a murtuke irin ta wanda aka tilasta. Bai ji komai daga abin da aka yi ba. Ya gaida Asama'u, sannan ya dubi matarsa ya ce, "To, in tafiyar ce mu kama hanya, hadari na haɗuwa."

Kadijatu ta share ido, ta dubi tukwanen nan huɗu a jikin bango, wannan karon ta dube su sosai.

Ta ce, "Sauke kayan. In mun tafi, wa zai ba su ruwa?"